Kundin Aikin Shimfiɗa Netwok a Makaranta Mai Gini Uku

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau muka fara zagayen makarantar da aka ba ni aikin shimfiɗa mata hanyar sadarwar kwamfutoci. Sakandare ce mai zaman kanta a bayan garin Kano, kuma gininta uku ne: babban bene, wanda ofisoshi suke ƙasansa, ɗakin kwamfuta kuma yake samansa, ginin laburare da ɗakin malamai, sai ɓangaren 'yan mata da ke can ƙarshen fili, jikin katangar gabas. Na zo da yarana biyu da tef ɗin awo, kuma na hana su auna tazarar da ido yake gani, na ce su bi hanyar da waya za ta bi da gaske, wato ta gangaro daga bene, ta bi gindin bango, ta kewaye rijiyar burtsatse, sannan ta sake hawa. Daga bene zuwa laburare ido yana ba mutum kamar mita 70, amma awo ya ba mu mita 118. Daga bene zuwa ɓangaren 'yan mata mita 160 ne, daga laburare zuwa can kuma mita 85. Na ja layi a ƙarƙashin waɗannan lambobi, domin wayar netwok ta jan ƙarfe, wato ta Ethernet, iyakarta mita 100, kuma a cikin ɗarin nan mita 90 ne rabon wayar da ke kwance a bango, sauran 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin kwamfuta da bakin suwich ne, wato na'urar da wayoyin kwamfutoci suke haɗuwa a cikinta.

A ɗakin kwamfuta na tarar da tsohon haɗin da wani ya yi shekarun baya. Ƙananan suwich guda 5 ne masu kafar jona waya takwas-takwas, an cusa su a ƙarƙashin tebura, an jera su kamar raƙuman ayari, kowane yana riƙe da akalar na bayansa. Malamin kwamfuta ya ce duk ranar da mai shara ya zare fulogin na biyu don ya jona abin cajinsa, to kwamfutocin da ke kan na uku da na huɗu da na biyar duk sai su ɗauke, kuma sai ya yi rarrafe a ƙarƙashin tebura kafin ya gano inda abin ya tsinke. Babu lamba ko ɗaya a jikin wayoyin. Ƙurar hunturu ta toshe ramukan iskar na'urorin har ta yi dunƙule kamar auduga.

Bukatar da aka rubuta mini ita ce kwamfuta 60 a ɗakin kwamfuta, 9 a ofisoshi, 12 a laburare, 10 a ɓangaren 'yan mata, da na'urar watsa Wi-Fi guda 4.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kwana uku ke nan ina zane ina gogewa. Tambayar da nake yi wa kowane zane guda ɗaya ce: idan abu ɗaya ya lalace a nan, kwamfuta nawa za su mutu tare da shi, kuma minti nawa malamin da ba injiniya ba zai ɓata kafin ya gano wurin? Gudun saƙo yana da muhimmanci, amma ni ba zan kwana a makarantar ba, kuma wanda zai gaji aikin nan yana da aji shida da zai koyar.

Tsarin igiya ɗaya, inda kowace kwamfuta take rataye a jikin doguwar waya guda, shi ne asalin Ethernet, tun lokacin da Robert Metcalfe ya rubuta bayaninsa a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka a 1973, suka gina shi tare da David Boggs. Ni ma da shi na fara koyon sana'a a ƙarshen shekarun 1990. Siririyar wayar nan mai kama da ta eriyar talabijin muke ja, wadda ba ta wuce mita 185 ko na'ura 30 a zango ɗaya, a bayan kowace kwamfuta akwai mahaɗi mai kai uku, a ƙarshen wayar ta kowane gefe kuma sai an toshe da murfi mai om 50. Murfin nan, wanda bai kai kan yatsa ba, idan ya faɗi to ofis gaba ɗaya ya tsaya. Na taɓa yin yini guda ina bin waya tebur bayan tebur, ashe ƙafar kujera ce ta sassauta mahaɗi ɗaya. Yau ba mai sayar da kayan wannan tsari, amma halinsa bai mutu ba, domin jerin suwich ɗin da na tarar a ƙarƙashin tebura jikansa ne: duk wanda ke baya yana rayuwa ne da lafiyar na gabansa, kuma dukkan saƙon na baya sai ya matse ta waya ɗaya tilo.

Tsarin zobe na yi masa dogon tunani. Kamfanin IBM ya fito da nasa a 1985, inda wata alama take zagayawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wanda ta zo hannunsa shi ke da izinin magana, da gudun megabit 4 a daƙiƙa, daga baya 16. Abin lura shi ne ko a wancan tsarin wayoyin a zahiri suna taruwa ne a akwati guda, zoben yana cikin akwatin. A tsakanin kwamfutocin aji zobe ba shi da wani amfani a gare mu, amma a tsakanin gini da gini yana da shi, tunda gini uku idan aka haɗa su zobe, kowane yana da hanya biyu ta zuwa ga ɗan'uwansa. Na ajiye wannan a gefen takarda.

Tsarin raga, inda kowace na'ura take da waya zuwa ga kowace, lissafi kaɗai ya isa ya kore shi. Ana ninka yawan na'urorin da yawansu ban da ɗaya, a raba biyu, don haka kwamfuta 60 za su ci waya 1,770.

Tauraro ya rage, wanda ya zama ruwan dare tun da aka amince da Ethernet a kan murɗaɗɗiyar waya a 1990. Kowace kwamfuta da wayarta ta kanta zuwa suwich, idan ɓera ya ci waya ɗaya kwamfuta ɗaya ce ta mutu, kuma fitilar kafarta ce za ta faɗi haka. Aibinsa biyu ne kuma ban ɓoye su a rahotona ba: yana cin waya sosai, sannan idan suwich ɗin tsakiya ya mutu kowa ya mutu. Zanen da na tsaya a kai tauraro ne mai rassa. Babban suwich zai zauna a ƙaramin ɗakin da ke jikin ɗakin kwamfuta. Suwich 3 masu kafa 24 za su ɗauki kwamfuta ashirin-ashirin, kowane da wayarsa kai tsaye zuwa babban, ba tare da ya ratsa ta ɗan'uwansa ba. Ofisoshi da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da rauta, wato na'urar da ke haɗa mu da intanet, za su shiga babban kai tsaye. Laburare da ɓangaren 'yan mata kowane da suwich ɗinsa da hanyarsa ta faiba, wato wayar zaren gilashi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun zauna da Alhaji mai makarantar da shugaban makaranta da akawu. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya karanta takardar kuɗin layi-layi da biro a hannu, ya tsaya a kan faiba.

"Injiniya," in ji shi, "ka ce daga laburare zuwa wajen 'yan mata mita 85 ne, ka kuma ce waya tana kai 100. Me zai hana ka ja daga bene zuwa laburare, daga laburare ka miƙa can? Ga hanya gajeruwa, ka ɗauko doguwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne ta fuskar tsawo. Amma idan aka yi haka, duk ranar da aka kulle laburare aka kashe wuta, 'yan mata sun rasa netwok ba tare da sun yi laifin komai ba. Zangon farko kuma mita 118 ne, ya riga ya wuce iyaka."

Dalili na biyu shi ne wanda na fi nauyaya masa. Wayar jan ƙarfe idan ta fita daga gini ta shiga wani, ta zama gada tsakanin wutar gine-ginen biyu, alhali kowane da nasa turken ƙasa, kuma idan aradu ta faɗi kusa, bambancin ƙarfin wutar da ke tsakanin ƙasar nan da ta can ta cikin wayar zai bi ya ƙone kafofin suwich a gefe biyu. Faiba zaren gilashi ne, haske yake ɗauka, wuta ba ta bin sa. Shugaban makaranta ya tuna cewa daminar bara sun rasa rauta da firinta a dare ɗaya, wannan ya taimake ni fiye da duk bayanin da na yi.

An amince da faiba biyu daga bene. Ta uku, wadda za ta haɗa laburare da ɓangaren 'yan mata ta rufe zobe, Alhaji ya soke ta da biro, ya ce ba a sayen taya biyar sai ga mota, ita kuwa makaranta ba tafiya take yi ba. Ban ja da shi ba. Na roƙi abu ɗaya kawai, a bar ni in binne fayif babu komai a ciki sai igiyar jawo waya, tunda leburori suna nan kuma haƙa daga baya ya fi tsada. Ya yarda. Ya kuma rage kuɗin suwich, don haka ɗaya daga cikin ukun ɗakin kwamfuta zai zama irin wanda ba a iya shiga cikinsa a saita shi.

A ƙarshen zaman ya faɗi burinsa, cewa yana son wata rana wurin ya zama cibiyar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Cibiyoyin nan ana neman kwamfuta 250 a cikinsu ban da na ko-ta-kwana, kuma haɗin waya ake so. Ginin yanzu ba zai ɗauki haka ba, amma maganar ta sa zan zaɓi akwatin ƙarfe na ajiye suwich mai sauran fili, in kuma yi tanadin adireshi tun yanzu, wato lambobin da ake gane kowace kwamfuta da su a netwok.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Lissafin waya ya kama kusan mita 2,100. Kwalin wayar netwok ta Cat6 mita 305 ne, don haka kwali 7 za su isa da ƙyar, na sayi 8 saboda ragowar da ake yankewa. A shagon farko an ba ni farashin da ya yi ƙasa da na kowa ƙwarai, na ɗaga kwalin na ji ba nauyi. Na nemi a yanko mini ɗan guntu, na fere robar, na kankare zaren da reza, sai fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Na kunna ashana a ƙarƙashinsa, ya lanƙwashe ya zube nan take, alhali jan ƙarfe na gaske ja yake yi ya tsaya. Mai shagon ya ce kowa shi yake saya kuma ba wanda ya dawo da shi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin a gajeren zango yana aiki har a biya mai aiki kuɗinsa ya tafi. Sai dai alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe yake wucewa da ita yake iya wucewa da ita, yana karyewa a wurin matsewa, kuma na'urorin Wi-Fi ɗinmu ta cikin wayar netwok za su sha wutarsu, har wat 15.4 kowace a ƙa'idar 2003. Na bar shagon, na sayi mai tsadar a wani wuri bayan na yi masa irin wannan gwaji a kwali biyu da na zaɓa da kaina.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama, makaranta tana hutu, wannan ya ba mu ɗakunan babu kowa. Muna farawa bayan asuba mu tashi da azahar. An gama kafa tirankin, wato kwararon da wayoyi ke bi, a bangon ɗakin kwamfuta, na raba hanyar wayar netwok da ta wayar lantarki, inda dole su haɗu kuma na sa su gicciye juna maimakon su jera. Kowace waya ana rubuta mata lamba a kai biyu kafin a ja ta, ba bayan an ja ba, kuma lambar tana faɗin suwich da kafa: B-14 na nufin suwich na biyu, kafa ta 14, haka aka rubuta a soket ɗin bango da allon jona wayoyi.

Ƙaramin yarona sabon shiga ne, na zaunar da shi ya haddace jerin launukan zaren waya na tsarin B har ya iya faɗa ido rufe: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Matsalarsa ita ce yana warware murɗin zaren da yawa don ya ji daɗin jerawa. Na nuna masa cewa murɗin nan shi ne garkuwar wayar daga hayaniyar lantarki, kuma ba a warware fiye da milimita 13.

Yau testa, na'urar gwajin waya, ta nuna waya 4 a layin tagogi suna da matsala. Ɗaya daga ciki ta ba mu darasi mai kyau, domin kwamfutar ta haɗu, amma fitilar kafarta ta kama ruwan lemo maimakon kore, wato a megabit 100 take maimakon 1,000. Yaron ya ce, "Oga, ai tana aiki." Na buɗe soket ɗin na nuna masa zaren ƙasa-ƙasa bai shiga haƙorinsa ba. Gudun 100 tagwayen zare biyu kawai yake bukata, na lemo da na kore, amma gudun 1,000 sai dukkan huɗun sun cika, don haka waya tana iya zama rabin lafiya ta yi shekara ba wanda ya sani, sai dai a riƙa cewa kwamfutar nan nauyi gare ta.

Talata, 25 ga Maris

An gama haƙa, zurfin santimita 60, an shimfiɗa yashi, an kwantar da fayif, an rufe rabi, sannan aka shimfiɗa jan kyallen gargaɗi a sama kafin a ƙarasa cikewa. Fayif ɗin banza na tsakanin laburare da ɓangaren 'yan mata shi ma ya shiga ƙasa da igiyarsa, na toshe bakinsa biyu saboda gara da ɓeraye.

Faibar da na zaɓa mai siririyar zuciya ce, wato tsakiyar zaren da haske ke bi, irin wadda kamfanonin intanet suke ja a titi. A tazarar mita 160 mai kaurin zuciya ma za ta wadatar, tunda tana kai mita 550 a gudun gigabit, amma na duba abin da masu haɗa faiba a gari suka fi yawo da kayansa, domin ranar gyara abin da ke kasuwa shi ne zai cece mu. Kowace waya zare 4 ce a ciki, biyu suna aiki biyu suna jira. Mai injin narka zare, wato mai haɗa faiba, ya zo da hantsi, ya ƙi fara aiki sai da aka rufe tagogi aka yayyafa ruwa a ƙasa, kuma na ba shi gaskiya, domin ƙwayar ƙura ɗaya a bakin zaren ta isa ta tare haske. Na gargaɗi yarana kada wanda ya kuskura ya leƙa bakin zaren da ido don ya ga ko akwai haske, hasken ba ya ganuwa amma yana lahani. Kafin la'asar fitilun hanyoyin biyu suka kama.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ɗalibai sun dawo, kuma yau aka yi abin da ya kamata in rubuta shi dalla-dalla, domin rabin laifin nawa ne.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya malamin kwamfuta ya kira ni ya ce komai ya tsaya, har ofishin akawu da laburare. Na iso na buɗe akwatin ƙarfe na ga dukkan fitilun suwich huɗun suna ƙiftawa tare da sauri ɗaya, kamar an ɗaure su da zare. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya manta shi. Wani wuri an yi madauki, wato waya ta fita daga suwich ta koma cikinsa. Saƙon Ethernet ba shi da ƙidayar da za ta kashe shi idan ya daɗe yana yawo, don haka saƙon neman adireshi guda ɗaya, wanda suwich yake watsa wa kowace kafa, zai fita ta nan ya dawo ta can, a sake watsa shi, ya sake dawowa, har hanyar ta cika maƙil babu wurin wani saƙo.

Na sa malamin ya tsaya kusa da ni, na ce shi zai yi da hannunsa. Ya zare wayar suwich na farko daga babban, babu canji, ya mayar. Ya zare ta na biyu, haka nan. Da ya zare ta na uku sai fitilun sauran suka lafa nan take, akawu ya leƙo daga ƙasa ya ce nasa ya dawo. Daga nan muka koma kan na ukun muna zare kafofinsa ɗaya bayan ɗaya, a kafa ta 22 guguwar ta tsaya. Lambar ta kai mu soket biyu na ko-ta-kwana da ke kusa da teburin malami, C-22 da C-23, inda wani ɗalibi ya tsinci gajeruwar waya a ƙasa, ya ga ramuka biyu babu komai, ya jona kai ɗaya nan ɗaya can da nufin gyara. Duk binciken minti 11 ya ci. A tsohon jerin da ke ƙarƙashin tebura, da babu lamba kuma kowane suwich yake goye da wani, da mun kai la'asar.

Laifina shi ne maganin wannan cuta yana cikin babban suwich ɗin tun ranar da aka kawo shi, ni ne ban kunna ba, na bar shi cikin abubuwan da zan saita a ƙarshe. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro dabarar a 1985 tana aiki a kamfanin DEC. Suwich-suwich suna aika wa juna ƙananan saƙonni, su zaɓi ɗaya ya zama tushe, kowane ya nemi hanya mafi kusa zuwa gare shi, duk hanyar da ta zama rara kuma a rufe bakinta a ajiye ta. Tsohon tsarin yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo bayan canji, sabon da aka fitar a 2001, wanda ake kira RSTP, cikin 'yan daƙiƙu yake gamawa. Na kunna shi yau, na tilasta babban suwich ya zama tushe don kada zaɓen ya faɗa kan na laburare, sannan na maimaita abin da ɗalibin ya yi da gangan. Babban ya rufe kafar suwich na uku, kwamfuta 20 suka ɗauke, sauran makarantar ba ta ji komai ba. Da na ukun irin wanda ake saitawa ne, da kafa ɗaya kawai za a rufe, kuma na rubuta wa Alhaji haka a takarda. Soket ɗin da ba a amfani da su duk na zare su daga allon jona wayoyi. Ɗalibin na roƙa kada a hukunta shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na raba netwok ɗin gida uku a cikin suwich, ba tare da ƙara waya ko ɗaya ba: na ɗalibai, na ofisoshi, da na Wi-Fi. Kwamfutar ɗalibi yanzu ba ta ganin ta akawu ko da wayoyinsu suna kwance a tirankin ɗaya. Rukunin adireshi na yau da kullum 254 yake ɗauka, wanda ba zai isa cibiyar jarrabawa mai 250 da na ko-ta-kwana da saba ba, don haka na ware wa ɗalibai mai ɗaukar 510.

Shugaban makaranta ya tambaya me ya sa ba mu sayi irin na'urorin Wi-Fi da suke miƙa wa juna saƙo ta iska ba, kamar yadda ya gani a gidan wani. Na ce masa idan na'urar da rediyo ɗaya take saurare kuma da shi take miƙawa, to kowane tsalle yana cin kusan rabin gudun, ga bangon bulo da ƙarfen da ke cikin kankaren bene suna cinye sauran. Namu huɗun kowace da wayarta zuwa suwich, kuma na rarraba su a tashoshi 1 da 6 da 11 don maƙwabta kada su yi karo. Akwatin ƙarfen bene da na gine-ginen biyu duk suna kan inbata yanzu. Zafin ƙaramin ɗakin ya fara damuna, na sa a huda bango a saka fanka mai fitar da iska.

Talata, 24 ga Yuni

Makon jiya an yi ruwa mai ƙarfi da tsawa, netwok bai ji komai ba, amma ruwan ya kwanta a tsakar makaranta, aka kira leburori su haƙa magudana ba tare da an sanar da ni ba. Jiya da safe diga ta sami hanyar ɓangaren 'yan mata. Sun ga jan kyallen, suka ɗauka tsumma ne suka janye shi, suka fasa fayif, suka datse faibar gida biyu. Ana tsakiyar gwajin kwamfuta na 'yan aji uku, sai da aka kwaso ɗalibai mata zuwa bene rukuni-rukuni. Mai injin narka zare yana wani aiki a Wudil, sai gobe zai samu zuwa.

Alhaji ya zo da kansa ya tsaya a bakin ramin yana kallon zaren da bai kai kaurin gashi ba. Ya tambayi shugaban makaranta ko fayif ɗin nan na banza yana nan, aka ce yana nan. Ya juyo ya ce, "Injiniya, kawo mini takardar tayar nan ta biyar."

Alhamis, 3 ga Yuli

An gyara wadda aka datse, mahaɗin yana cikin ƙaramin rami mai murfin kankare. An ja faiba ta uku ta cikin fayif ɗin da aka binne a watan Maris, igiyar ja ba ta ruɓe ba, aikin bai kai awa biyu ba. Yanzu gine-ginen uku zobe ne, a cikin kowane gini kuma tauraro. RSTP ya rufe bakin sabuwar hanyar kamar yadda ake so, ta zauna jiran ko-ta-kwana. Don gwaji na sa kwamfuta a ɓangaren 'yan mata tana ƙwanƙwasa saba duk daƙiƙa, wato tana aika mata saƙo tana jiran amsa, na hau bene na zare faibarsu. Amsa biyu suka ɓace, ta uku ta dawo ta hanyar laburare. Na mayar, na zare ta laburare, sakamakon ya zama iri ɗaya.

Da nake sabunta zanen da zan liƙa a ƙofar akwatin ƙarfe na lura da wani rauni da ban gani ba a watan Fabrairu. Faiba biyun da suke fita daga bene rami ɗaya suke bi na mita 20 na farko, daga gindin matakala zuwa rijiyar burtsatse, kafin su rabu. Idan diga ta sauka a wannan zangon za ta datse su tare, kuma zoben ba zai amfana komai ba, tunda saba da rauta duk suna bene. Gyaran gaskiya shi ne a fitar da ɗaya ta bayan ginin, wanda zai ƙara kusan mita 45 da sabuwar haƙa. Kafin a samu kuɗin wannan, na nemi a zuba kankare a kan zangon a kafa alama, birkila zai zo ranar Asabar. Sauran abin da ke gabana shi ne musanya suwich na uku na ɗakin kwamfuta, da ajiye kwafin saitin babban suwich a wuri biyu, da zama na yini guda da malamin kwamfuta ranar Litinin, inda zan zare wayoyi a ɓoye shi kuma ya nemo su da zanen a hannunsa.